Daƙiƙa Arba'in a Ƙarƙashin Malafa

Kujeru goma sha ɗaya ne suka ja baya a lokaci guda.

Ross Tulloch, malamin tarihi, yana tsaye a bayan aji kusa da majigi, hannu a aljihu, idonsa na kan farin bango. Fim ɗin ya zo ƙarshe. 'Yan wasan kwaikwayo sun gama rungume juna, kiɗa ya lafa, sai aka sako tsohon hoton nan mai motsi, na gaske, mai baƙi da fari, wanda wani ya ɗauka a filin ƙwallon garin ranar wasan ƙarshe na shekarar 1969. Daƙiƙa arba'in ne kacal. Mutum biyu sun ɗaga kofi, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ɗaya Bert Tulloch ne, kyaftin, Bature mai faffaɗan ƙirji, mahaifin Ross. Ɗayan kuma siririn baƙin saurayi ne mai lamba tara, wanda ya ci ƙwallon da ta ba su nasara. Yana dariya, iska na kaɗa masa riga, kuma an rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasan hoton.

Mai lamba taran nan, yau kwanansa goma da rasuwa.

Lateesha ce ta fara kaiwa ƙofa, tafin hannunta a gefen fuska kamar mai kare rana. Jikar marigayin ce, kuma ran nan ne ta fara dawowa makaranta daga zaman makoki. Sauran goman suka bi ta, kai a sunkuye, ba gudu ba hayaniya. Kafin Ross ya laluba maɓallin kashewa, sun riga sun tsallake baranda. Da ya kunna fitila sai ya ga abin da ya rage masa: ɗalibai goma sha biyu, 'ya'yan makiyayan shanu da na ma'aikatan ma'adinai, farare ƙal dukansu, sun zuba masa ido. Fim ɗin da ya shekara tara yana nunawa don ya koyar da yadda baƙi da fari suka haɗu a ƙungiya ɗaya, yau ya tsage masa aji gida biyu, tsaf, kamar an sa wuƙa.

Da baƙo ne daga birni da an yi masa uzuri. Amma Ross a nan aka yanke masa cibiya. Ya sani sarai cewa idan mutum ya rasu a cikin baƙaƙe 'yan asalin ƙasa, waɗanda Turawa suka tarar a nan, sunansa ya kwanta, hotonsa ya kwanta, muryarsa ta kwanta, sai ranar da danginsa suka ce a tashe su. Ya san akwai yaro a aji bakwai mai suna irin na marigayin, wanda tun makon jiya ake kira da wani suna dabam. Shi da kansa ya je ya yi gaisuwar makoki. Ni ma da nake ba ku labarin ba zan faɗi sunan ba, sai dai mu ce Tsohon, kamar yadda garin yake cewa.

Laraba kujerun nan suna nan wayam. Alhamis ma haka. Yaran ba su daina zuwa makaranta ba, wannan ne ya fi ci masa rai. Suna shiga darasin lissafi, suna buga ƙwallo a fili lokacin tara, amma da an kaɗa ƙararrawar tarihi sai su sulale su zauna a inuwar tankin ruwa. Saura mako uku jarrabawa. Lateesha kuwa ita ce ɗalibar da ya fi sa wa rai a shekaru ashirin na koyarwarsa, yarinyar da ke gyara masa shekara idan ya yi kuskure a allo. Idan ba su dawo ajinsa kafin jarrabawa ba, ya san ba za su ƙara dawowa ba, kuma ƙannensu ma za su gaji wannan inuwar tankin.

Shugabar makaranta, wadda shekararta biyu da zuwa daga kudu, ta ce ya rubuta takardar ban haƙuri a raba wa iyaye. Ya rubuta uku, ya yayyaga uku. Ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga ofishin malamai ya haɗa shayi, ya manta da shi a kan taga. Ya fita baranda, ya hango su a ƙarƙashin tanki, ya yi taku huɗu wajensu, ya dawo. Tsoro yake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Da azahar ɗin Alhamis dabara ta faɗo masa. Ya zauna gaban kwamfuta, ya buɗe daƙiƙa arba'in ɗin nan, ya fara datse hoton daga gefen dama har Tsohon ya fita. Ya goge rubutun sunan. Yana cikin duba aikinsa ya ji an jingina da ƙofa.

Sharleen ce, mataimakiyar malamai, wadda ta riga shi fara aiki a makarantar da shekara biyu kuma ba ta taɓa barin ya manta da hakan ba. 'Yar ƙanwar Tsohon ce. Da tana ajin ranar Talata da ba a yi wannan aika-aikar ba, amma tana can wurin makoki. An aske mata gashi ƙwal saboda makoki, ta ɗaura ɗankwali baƙi.

"Malam Tarihi," ta ce, "me ake yankawa babu gayya?"

"Sharleen, ban san ta inda zan fara ba."

"Kada ka fara, ka riga ka gama. Juyo min da abin nan in gani. Ka tabbata ba ya ciki?"

"Ba ya ciki. Na cire shi gaba ɗaya."

Ta matso, ta sunkuya, ta daɗe tana kallo. Bert Tulloch ne shi kaɗai yana dariya, kofi a sama. A kunnen kofin na dama akwai yatsu huɗu baƙaƙe da babu mai su.

"Kai, ka iya aiki," ta ce. "Bature ɗaya ya ci kofi, ga hannun wani bawan Allah yana taya shi riƙewa. Ai haka hoton da ke rataye a mashaya yake tun ina yarinya. Ashe tarihin ne ka dawo da shi yadda yake."

Ross ya rufe kwamfutar. Kunnuwansa sun yi ja.

"To ya zan yi? In nuna shi, na yi laifi. In cire shi, na yi laifi."

"Ni ka tambaya? Ba mijina ba ne." Ta zauna a bakin tebur. "Abu ɗaya nake so ka gaya min, ɗan'uwa, don ni aka tsare da tambaya a can. Kai da ka zo ka kama hannun kowa ranar Asabar, ya aka yi ka manta ranar Talata?"

Ya mai da idonsa kan tebur. A kan teburin akwai hoton Bert a cikin gilashi, kamar yadda Turawa ke ajiye matattunsu a inda ido zai riƙa faɗawa kansu.

"Ban manta ya rasu ba," ya ce. "Na manta yana cikin hoton. Shekara shida ke nan da Baba ya rasu. Duk shekara wurin nan nake jira, in gan shi yana motsi. Shi kaɗai nake kallo."

Sharleen ta gyara ɗankwalinta.

"Wannan kam gaskiya ce, ko da ba ta da kyau. Tashi ka ɗauko motarka. Ka tsaya kanti ka sayi ganyen shayi da sukari da fulawa, da bargo guda. Goggo Ivy za ka gaya wa, ba ni ba."

An kafa zaman makokin a bakin busasshen rafi, bayan gari, nesa da gidan da Tsohon ya zauna, don gidan ma an bar shi sai an yi masa hayaƙin tsarkakewa. Ross ya ajiye a-kori-kurarsa daga nesa, ya sauke kayan a gindin bishiyar turare. Mata na zaune a kan barguna, fuskokinsu da ƙirazansu shafe da farar ƙasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kama hannu a hankali, ido a ƙasa, ba magana. Lateesha tana can gefe tana hura wuta a ƙarƙashin gwangwanin shayi. Ba ta ɗago ba.

Goggo Ivy, matar marigayin, ƙaramar tsohuwa ce da ƙuda ba ya sauka a kanta sau biyu. A da, idan ta buɗe baki a bakin fili, alƙalin wasa kansa yana sake tunani. Yanzu tana takaba, kuma mai takaba a nan ba ta magana da baki sai dangin miji sun buɗe mata shi, ko da za a yi watanni. Da hannu take zance. Ta nuna masa ƙasa, ya zauna. Sharleen ta durƙusa a tsakaninsu don ta fassara, domin Ross bai wuce alamar ruwa da ta nama da ta "ina za ka" ba.

Ya faɗi abin da ya faɗa wa Sharleen, bai ƙara gishiri ba. Tsohuwar ta saurara tana kallon yashi. Sannan hannuwanta suka tashi, yatsu na juyawa da sauri, ta taɓa haɓa, ta taɓa kafaɗa, ta yarfar.

"Ta ce kai ɗan Bert ne, ba ta yi mamaki ba, shi ma idan ya sa ido a kan ƙwallo ba ya ganin wanda ke gefensa." Wata mata ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ta ce wai me fim ɗin naka yake cewa ya faru bayan an tashi wasa?"

"Goggo ai ta gani."

"Ta gani. So take ta ji daga bakinka."

Ross ya share gumi. "Ƙungiya ta tafi mashaya da kofi. Mai mashaya ya ce baƙaƙen 'yan wasa shida ba za su shiga ba. Sai kyaftin ya ajiye kofin giyarsa, ya ce in ba za su shiga ba, babu mai sha. Duka suka fito, aka yi bikin a titi."

Hannun tsohuwar ya yi wata alama guda, gajeriya.

"Ta ce da daɗin ji."

Daga nan hannuwan ba su tsaya ba, Sharleen na bin su da murya. Goggo Ivy tana da shekara goma sha bakwai a lokacin, tana wanke kofuna a kicin ɗin mashayar. Akwai wata 'yar taga a bayan ginin, wajen da ake zubar da shara, ta nan ake miƙa wa baƙaƙe abin sha. Nan su shidan suka tsaya da rigunan wasa a jikinsu, laka ba ta bushe ba. A ciki aka cika kofin nasara da giya, yana zagayawa baki-baki, ana waƙa. Bert ya leƙo kicin sau ɗaya, ya ce da ita, "Yarinya, miƙa wa samarin nan kwalabe shida." Ita ta miƙa da hannunta. Mai lamba tara ya karɓi tasa, ya ajiye ta a kan taga bai buɗe ba, ya rataya takalmansa a wuya, ya taka mil tara zuwa sansaninsu. Ran nan ta fara ganinsa da kyau.

Ross bai ce ƙarya ne ba. Ya san tagar. An toshe ta da bulo tun yana yaro, amma shacinta na nan, kuma ya sha wucewa ta gabanta yana kallon wani wajen. Bai taɓa tambayar mahaifinsa ba, don ya san amsar, kuma fim ɗin ya fi amsar daɗi.

Tsohuwar ta ɗago ta dube shi a karon farko. Hannunta ya yi a hankali yanzu.

"Ta ce mahaifinka mutumin kirki ne. Shi ya kai ta asibiti cikin ruwan sama lokacin haihuwarta ta fari. Shekara talatin suna zama da Tsohon a bakin fili duk Asabar, suna zagin alƙalin wasa tare." Sharleen ta dakata, ta jira hannun ya ƙarasa. "Amma ran nan bai fito ba."

Iska ta taso da toka daga murhu. Ross ya ji kamar ya tashi ya yi ta tafiya cikin rafin nan har inda ƙafa ta gaji. Ya zauna.

"Goggo, me kike so in yi? In daina nuna fim ɗin?"

Ta girgiza kai. Ta nuna malafar da ke kan gwiwarsa, ta kife tafin hannunta a kan ɗaya tafin.

"Ta ce ka nuna, yara suna son wurin da 'yan wasa ke tsalle a kafaɗar juna su cafe ƙwallo da hannu. Idan an zo wurin hoton, ka rufe. Ba yankewa ba, rufewa. Su biyun duka, tunda tare suke tsaye. Kuma kada ka bar yara cikin duhu haka kawai. Ka gaya musu zancen tagar."

"Ni?"

"Wa kake so? Ita bakinta a rufe yake. Ni kuma idan na faɗa, 'ya'yan makiyaya za su koma gida su ce Sharleen ce da ƙorafinta. Kai ne ɗan kyaftin."

"Idan na yi, za su dawo?"

Sharleen ba ta ko fassara tambayar ba. "Wannan ba a hannunta yake ba. Yaran suna da ƙafafunsu."

Kwana ukun da suka biyo baya Ross bai san inda zai sa kansa ba. Ya wanke motar da ba ta yi datti ba. Ya je filin ƙwallo ranar Asabar, ya bar wasan tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Ya bi ta bayan mashaya, ya tsaya gaban shacin bulon nan, ya ga ashe tagar ba ta kai tsayin ƙirjinsa ba, dole mutum ya sunkuya kafin ya karɓi abu. A ajinsa akwai jikokin mutum uku da suke cikin mashayar a ranar. Ya san iyayensu, ya san irin wayar da za a bugo wa shugabar makaranta. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, ba zai ƙara ganin mahaifinsa yana ɗaga kofin nan ba sai ranar da Goggo Ivy ta ce, kuma ko ranar ta zo, ba da idon da zai kalle shi ba.

Litinin, bayan tara, aka kaɗa ƙararrawa. Sha biyun suka shigo suka zauna. Ross ya ce za a sake kallon rabin fim ɗin na ƙarshe.

"Malam, ai mun gani," in ji Brodie, jikan mai tsaron bayan ƙungiyar ta wancan lokaci. "Mun ci kofi, kowa ya rungumi kowa."

"Za ka sake gani."

Ya ja labule, ya ɓata lokaci wajen gyara wayar da ba ta lalace ba. Ta tsakanin labulen yana hango tankin ruwa. Suna can. Sharleen na tsaye kusa da su, hannu a ƙugu, ba ta kora su ba, ba ta kuma kira su ba. Ya kunna majigi.

A fim ana cikin wasan ƙarshe, daidai inda ɗan wasa ya taka bayan wani ya cafe ƙwallo a sama, ƙofa ta yi ƙara. Mutum biyu suka shigo a sunkuye. Can sai uku. Kafin a kai wurin mashaya, kujeru goma sun cika. Ta goma sha ɗayan tana nan wayam, amma akwai inuwar mutum a bakin ƙofa, rabi a ciki rabi a waje.

A bango, kyaftin na fim ya ajiye kofin giyarsa ya yi jawabinsa, aka fito titi, kiɗa ya tashi. Ross ya san daƙiƙar da hoton zai shigo kamar yadda ya san numfashinsa. Ya kashe sauti. Ya ɗauki malafarsa ya kife ta a kan idon majigin.

Ajin ya yi duhu, sai wani siririn haske da ke tsiyaya ta gefen malafar yana taɓa silin. A ƙarƙashinta mutum biyu suna ɗaga kofi, babu mai ganinsu.

"Abin da kuka gani yanzu, ba haka aka yi ba," ya ce. "Akwai wata taga a bayan mashaya. Duk kun san wurin, inda ake ajiye shara. Mahaifina yana ciki a ranar. Kakanka ma yana ciki, Brodie. Babu wanda ya fito."

Babu kujerar da ta motsa. Ya ci gaba, ya faɗi kwalabe shida, ya faɗi yarinyar da ke wanke kofuna, ya faɗi takalma a wuya. Daƙiƙa arba'in sun wuce tuni, fim ya ƙare a ƙarƙashin malafar, shi bai sani ba. Da ya zo kan tafiyar da mai lamba tara ya yi zuwa gida, sai ya ce mil bakwai.

"Tara," aka ce daga bakin ƙofa.

Ya juya. Lateesha ta shigo, ta ja kujerarta ta zauna, ta ciro littafi daga jaka.

"Mil tara ne, Malam. Ka ɗage malafarka, ta fara ƙauri."